Ba kullum ido ke bin hannu ba wajen harbi

Ina yawan jin maharba suna cewa duk mai harbi da hannun dama, idon damansa ne ke saiti, in ya kuskure kuwa hannunsa ne ke rawa. Maganar tana da tushe, domin ga yawancin mutane haka abin yake. Amma akwai da yawa da hannun dama ne ƙarfinsu, alhali idon hagu ne ƙwaƙwalwarsu ta fi dogara da shi.

Misali, mafarauci ya dafa bindiga a kafaɗar dama, idanu biyu buɗe, ya auna zabo. Idon hagu ne ya ƙwace saitin, shi kuwa ba ya kan layin bakin bindigar, sai harbin ya bi ta hagun zabon. Hannunsa lafiya lau.

Gane idon da ke jagora abu ne mai sauƙi. Miƙa hannuwa, haɗa tafuka ka bar ƴar kafa, ka leƙa wani abu mai nisa, sannan ka rufe ido ɗaya-ɗaya. Idon da abin ya tsaya masa cikin kafar, shi ne jagora.

Don magance matsalar, wasu sukan runtse idon hagu ko su manna ɗan tef a gilashin hagu na tabarau. Ni dai na fi son ɗan koyo ya koma kafaɗar hagu tun da wuri.