Tsadar Jinyar Mai Taɓin Hankali

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake maganar kuɗin jinyar mai taɓin hankali kamar ana biya sau ɗaya ne a huta. Ciwo irin su sikizofiriniya (taɓin hankalin da kan sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi), wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yana damun mutane kimanin miliyan 24 a duniya, yakan fara ne a ƙuruciya, kuma mai shi kan shafe shekaru yana shan magani, wani ma har ƙarshen rayuwarsa.

Kuɗin ƙwayar ma ba shi ne babba ba. Wanda aka ɗora a kan maganin lithium dole a riƙa auna jininsa, a duba ƙodarsa, shi kuwa mai shan clozapine sai an dinga ƙidaya fararen ƙwayoyin jininsa a kai a kai, kuma kowane gwaji da nasa kuɗin, ga kuɗin ganin likita, ga na mota, ga ɗan'uwan da ya bar aikinsa don ya zauna da majinyaci. Idan aljihu ya ƙone, sai iyali su fara raba ƙwaya gida biyu ko su tsallake wata guda, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, a kwantar da mutum a asibiti, a kashe ninkin abin da aka yi ƙoƙarin tsimi.

Duk da haka, gwamnatoci a duniya suna ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na kasafin lafiyarsu, kuma mafi yawan kuɗin a manyan asibitocin mahaukata suke ƙarewa, nesa da inda marasa lafiyar suke zaune.