Hayaniyar cikin waya daban, ra'ayin Sakkwatawa daban

Duk lokacin da wata magana ta taso a jihar nan, ko ta tsaro ko ta albashi ko ta wanda za a tsayar takara, kafin la'asar za ka ji wani ɗan siyasa ko mai sharhi a rediyo yana cewa ai jama'ar Sakkwato sun riga sun yi magana. In ka matsa mishi ka ce ina sunka yi maganar, sai ya zaro waya ya nuna maka wani fostin na Facebook da kwament rututu a ƙasa, ko wani odiyo da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp. Wanga abu yana damuna ƙwarai, don da irin wagga "jama'a sun ce" ake yanke hukuncin da ke taɓa rayuwar miliyoyin mutane waɗanda ba wanda ya tambaye su komai.

Kuskuren ba sabo ba ne, an taɓa yin shi a idon duniya. A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta so ta faɗi wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Roosevelt da Landon. Ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 sunka maido da amsa, ta buga da ƙarfin gwiwarta cewa Landon ne. Da anka kaɗa ƙuri'a Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48. Shi kuwa George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, mutum kamar dubu 50 kacal ya tambaya, kuma ya faɗi wanda zai ci daidai. Abin da ya kayar da mujallar shi ne inda ta ɗebo sunaye, littafin masu tarho da rajistar masu mota da jerin masu sayen ita kanta mujallar, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan ko cikin waɗanda anka aika wa ɗin, masu jin haushin Roosevelt su sunka fi damuwa su cike takarda su mayar. Cikin shekara biyu mujallar ta rufe.

To mu dawo gida. Wa ke da babbar waya da kuɗin data da wurin caji da lokacin zama ya yi ta rubutu? Galibi matashi ne namiji, mai ɗan karatun boko, yana zaune Mabera ko Runjin Sambo ko Arkilla ko Gawon Nama. Ba laifi ya yi ba, ɗan jiha ne kuma yana da haƙƙin magana. Amma manomin shinkafa a Wurno, da mai albasa a Goronyo, da matar aure a Tangaza, da makiyayi a Gudu, yaushe sunka shiga lissafin? Mu tuna Satumban 2021 da gwamnati ta katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda 'yan bindiga. Watannin nan ba a daina cewa "mutanen Sakkwato na ganin kaza" a soshiyal midiya ba, alhali waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah, ko kiran ɗan'uwa ba su iya yi balle kwament.

Masana sun daɗe suna kokawa da wagga tambaya ta mene ne ra'ayin jama'a. Walter Lippmann, ɗan jaridar Amurka, ya rubuta a 1922 cewa duniya ta fi ƙarfin mutum ɗaya ya gan ta da idonshi, don haka kowa yana aiki ne da hotunan da ke cikin kanshi, hotunan kuma wasu ne sunka zana mishi su, jarida da gwamnati da masu farfaganda. Turawan mulkin mallaka ma sun san da haka, don daga cikin dalilan fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, har da kashe jita-jitar da ke yawo a Arewa gab da yaƙin duniya na biyu. Shi Lippmann maganin da ya kawo shi ne a bar wa ƙwararru aikin tattara bayani da tace shi. John Dewey ya mayar mishi da martani a 1927, ya ce wanda ke sanye da takalmi shi ya san inda yake matse shi, ko da baduku ne ya iya gyara. Ni dai ina bayan Dewey a nan, don na ga yadda ake zama a ofis mai sanyi ana tsara wa mutanen gabashin Sakkwato abin da wai suke bukata.

Sai Paul Lazarsfeld da abokan aikinshi, da sunka bi mutanen wani yanki na jihar Ohio suna yi musu tambayoyi wata bayan wata a zaɓen 1940. Sun je da zaton rediyo da jarida ne ke juya mutane kai tsaye, sai sunka tarar labari yakan fara sauka wurin wasu 'yan ƙalilan da ake jin maganarsu, su kuma su kai wa sauran da irin fassararsu. Bahaushe ba ya bukatar a yi mishi dogon bayani a kan wannan. Ka saurari BBC Hausa ko Rima Rediyo da safe, amma abin da za ka ɗauka ka riƙe sai an zauna majalisa da dare an ji mi malam wane ya ce, ko liman ya taɓo shi a huɗuba, ko uwargida ta faɗa a gidan suna. A nan ra'ayi ke nuna, kuma ba wata na'ura da ke ƙirga shi.

Akwai kuma batun shiru. Wata Bajamusa, Elisabeth Noelle-Neumann, ta nuna a 1974 cewa mutum yakan dubi inda iska ke kaɗawa, in ya ga ra'ayinshi kamar ba shi da magoya baya sai ya ja bakinshi don tsoron a ware shi, shirun nashi kuma sai ya ƙara sa ɗayan ɓangaren ya zama kamar kowa da kowa ne. A Jamus ke nan fa. Ina ga wurin da akwai kunya da kara, inda yaro ba ya musa wa babba a bainar jama'a, inda mace in ta yi kwament ɗaya a kan siyasa sai an bi ta da zagi har gidansu, inda ma'aikacin gwamnati ke tsoron a ɗauki hoton rubutunshi a kai wa oga. Ku duba guruf ɗin danginku, mutum nawa ke magana, mutum nawa ke karantawa su wuce.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne ita kanta hanyar da bayanin ke bi ya iso mu, don tana da tarihi, kuma tarihin ya bar wani giɓi. A 1895 wasu 'yan Beljiyam biyu, Paul Otlet da Henri La Fontaine, sunka kafa cibiya a Brussels da burin su rubuta duk abin da ɗan Adam ya taɓa wallafawa a kan ƙananan katuna, har katunan sunka haura miliyan 12, kana iya aika musu wasiƙa da tambayarka su bincika su aiko maka da amsa. A 1945 Vannevar Bush ya kwatanta wata na'ura da mutum zai riƙa ƙulla takarda da takarda yana bin sawu, abin da muke yi yau in mun danna link. A 1948 Claude Shannon ya fito da lissafin yadda za a aika saƙo ta waya ya isa ba tare da ya lalace ba, kuma ya faɗa ƙarara cewa ma'anar saƙon ba ta cikin matsalar da injiniya ke warwarewa. Gaskiya ya faɗa a fagenshi, waya aikinta ta kai, ko aya ce ko ƙarya duk ɗaya ne a wurinta. Daga nan sai tambayar ta koma, cikin wannan tulin wanne za a ɗora a sama? Eugene Garfield ya kawo dabara a 1955, a ƙirga sau nawa masana sunka ambaci wata takarda a cikin nasu rubutun, wadda anka fi ambata ita ce mai nauyi. Masu Google sunka ɗauki irin wannan tunani a 1998 sunka ɗora a kan shafukan intanet, daga baya Facebook da sauransu sunka koma ƙirga laik da sharin da tsawon lokacin da ka tsaya kana kallo.

Kun ga inda abin ya zame. Masanin da zai ambaci takardar wani sai ya karanta, ya sa sunanshi, in ya yi shirme a kama shi. Sharin kuwa babban yatsa ne kawai, kuma abin da ya fi sa yatsa motsi shi ne tsoro da fushi. Watan Agustan 2014 ba mu manta ba, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane sunka ta da 'ya'yansu da asuba, wasu sunka kwanta asibiti, har an samu waɗanda sunka rasu, alhali cutar Legas da Fatakwal kawai anka tabbatar da ita. Kowa ya ji daga wurin wanda ya yarda da shi, yayarshi ko kawunshi, wanda shi ma turo mishi anka yi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ne bai kamata wannan ya ci mu ba. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayar da Shannon ya ajiye gefe, wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, yana da riƙo? Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin waɗanda sunka ruwaito magana tun daga tushe, na cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma ko batun yawa ba su bar shi sakaka ba. Kafin a ce labari mutawatiri ne, wato wanda jama'a masu yawa sunka ruwaito, sai ya zama masu yawan sun kai yadda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, yawan nan kuma ya tabbata a kowane mataki tun daga tushe, tushen kuma ya zama gani da ido ko ji da kunne. Odiyon da mutum dubu sunka tura, in ka bi shi baya ka tarar murya ɗaya ce da ba a san mai ita ba, to labarin mutum ɗaya ne har gobe, kuma wanda ba a san ko wane ne ba. Ibn Khaldun ma tun ƙarni na 14 ya sa son ɓangare a sahun farko na abin da ke shigar da ƙarya cikin labari, ya ce rai in ya riga ya karkata sai ya karɓi duk abin da ya dace da shi ba bincike. Wannan garin da Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello sunka cika da rubutu, inda har yau almajiri zai iya jero maka malaman malaminshi, shi ne kuma za a turo wa mutum murya ba suna ba wuri ba rana ya ce wallahi haka ne.

Wani zai ce to ai wayar nan ita ta ba talaka baki, kuma yana da hujja. Da ba don hotuna da bidiyon da mutane sunka yaɗa ba, da ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021 bai girgiza ƙasar nan yadda ya girgiza ta ba, da kuma hare-hare da yawa an binne su da sanarwa guda ta "an shawo kan lamarin". Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ke neman a toshe bakin matasa da sunan yaƙi da labaran ƙarya ba na tare da shi. Sai dai fallasa abin da ya faru aiki ne daban, auna abin da mutane ke so aiki ne daban. Waya ta iya na farko. Na biyun kuwa da 'yan kuɗi kaɗan ake sayen shi, a ɗauki yara a ba su data su kwana suna maimaita magana ɗaya da sunaye daban-daban, gari ya waye a ce jama'a sun yi magana.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke da masana zamantakewa da na kimiyyar bayanai da laburare, za su ɗauki nauyin jin ta bakin mutane a kai a kai, ƙafa da ƙafa, a duk ƙananan hukumomi 23, da Hausa da Fulfulde da Zabarmanci. Ba wani abu ne daga sama ba, ƙungiyar binciken ra'ayin jama'a ta Afrobarometer na yin irin shi a ƙasashen Afirka tun 1999, gida-gida, fuska da fuska. A zaɓi gidajen ta hanyar ƙuri'a yadda ba mai unguwa ne zai nuna wanda za a tambaya ba, a buga tambayoyin yadda anka yi su kalma da kalma, a faɗi wanda ya biya kuɗin aikin, a kuma faɗi garuruwan da rashin tsaro ya hana a shiga, kada a shafa musu amsar wasu. Mata kuma mata 'yan'uwansu ne za su shiga su tambaye su cikin gida, ba miji ne zai amsa a madadinsu a zaure ba. Nana Asma'u ta yi irin wannan tsari tun wajen shekarun 1830 da jajis ɗinta na 'Yan Taru, dattawan mata da ke kai karatu ƙauyuka su kuma taho da matan karkara wurinta. Sakamakon kuma kada ya tsaya a takardar Turanci cikin kabad, a karanta shi a rediyo da Hausa, a ajiye kwafi a laburare yadda ɗan jarida ko ɗan majalisa zai iya zuwa bayan shekara biyar ya gwada abin da mutanen Illela sunka ce a da da abin da suke cewa yanzu.