Wa ya ba YouTube izinin zaɓa wa ikilisiya waƙa?

Fasto zai kwashe mako guda yana shirya wa'azin minti arba'in, amma waƙoƙin sujada sai a bar wa shugaban mawaƙa ya tsinto su daren Asabar daga abin da ke tashe a YouTube. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a majami'un Furotesta, kuma ni dai ta ishe ni.

Wa'azi, kafin Laraba an manta rabinsa. Waƙa kuwa har gida take bin mutum. Yaro ya haddace ta tun bai iya karatu ba, tsoho yana kwance a gadon asibiti ita ce a bakinsa. Ke nan wanda ya zaɓi waƙa shi ke koya wa jama'a tauhidi, ko ya sani ko bai sani ba. Ba banza ba manzo Bulus, a Kolosiyawa 3:16, ya haɗa zabura da waƙoƙi da koyarwa da gargaɗi wuri ɗaya.

Magabata sun gane haka. A 1524 aka buga littattafan waƙoƙi na farko na mabiya Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya da ya haifar da Furotesta, da Jamusanci, don talaka ya buɗe baki ya rera da kansa. John Calvin, wani jagoran Furotesta na farko, ya fi shi tsanani, ya tsaya kan Zabura, aka kammala jera dukan 150 cikin waƙa a Geneva a 1562. Sun saɓa a hanya, amma ba wanda a cikinsu ya bar kalmomin waƙa ba tantancewa.

Yau fa? Wani bincike da aka fitar a 2023 ya duba waƙoƙi 38 da suka fi karɓuwa a majami'un Amurka daga 2010 zuwa 2020, ya tarar 36 suna da alaƙa da manyan majami'u huɗu kacal: Hillsong, Bethel, Elevation da Passion. Waƙoƙi ne da aka tsara don ƙwararren mawaƙi da babban dandali. Muryar ta yi sama, mutane ba sa kaiwa, sai su tsaya baki rufe suna kallo. Abin da Luther ya yaƙa ke nan, mun dawo da shi da hannunmu. Ga kuma giɓin da ya fi damuna: Zabura cike take da makoki da kuka ga Allah, amma gwauruwar da ta zo sujada da hawaye ba ta samun ko baiti ɗaya da ya faɗi halin da take ciki.

Masu cewa in ba haka ba matasa za su gudu, raina matasan suke yi. Kuma ba sabuwar waƙa nake ƙi ba, ai kowace tsohuwa ta taɓa zama sabuwa.

Fastoci da dattawa su zauna da mawaƙa, a karanta kalmomin ba kiɗa, a gwada su da Nassi. Wadda jama'a suka kasa rerawa bayan Lahadi uku, a ajiye ta.