USS Cole: An toshe ramin ƙarfe, sauran ramukan fa?

A kan hanyar da ke kaiwa ɗakin cin abinci na jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Cole, akwai taurari 17 da aka dasa a daɓe. Kowane tauraro na sojan ruwa ɗaya ne daga cikin waɗanda suka mutu a harin bam da aka kai wa jirgin ranar 12 ga Oktoban 2000 a tashar jiragen ruwa ta Adan, a ƙasar Yaman. Yaran da ke aiki a jirgin yanzu, da yawansu ba a ma haife su ba a lokacin, kullum sai sun ratsa ta wurin kafin su kai ga abinci. Amurkawa na son labarin wannan jirgi, kuma suna ba da shi a matsayin labarin juriya: an sare shi, bai faɗi ba, ya tashi ya koma fagen fama. Ban musa ba. Sai dai ni idan na bi tarihin tafiye-tafiyensa, wani abu dabam nake gani. Abin da kuɗi da maƙera ke iya gyarawa an gyara shi cikin wata 16. Abin da ke buƙatar adalci da siyasa kuwa, an haura shekara 25 ana jan ƙafa.

Bari mu fara da jirgin kansa. An ƙera shi a ma'aikatar Ingalls da ke Pascagoula a jihar Mississippi, ya shiga aiki ranar 8 ga Yunin 1996, mazauninsa kuma Norfolk a jihar Virginia. An raɗa masa sunan Saja Darrell Cole, wani sojan Amurka da aka kashe a tsibirin Iwo Jima a 1945. Yana cikin jiragen ajin Arleigh Burke, waɗanda su ne ƙashin bayan rundunar ruwan Amurka. Tsawonsa mita 154, yana ɗauke da mutum wajen 300, kuma a cikinsa akwai ramukan harba makamai masu linzami guda 90, wasu na kakkaɓo jiragen sama, wasu kuma irin Tomahawk masu kai hari can cikin tudu. Na'urarsa ta Aegis na iya bin sawun abubuwa masu yawa a sararin sama lokaci guda. An gina shi ne don ya kara da manyan ƙasashe a tsakiyar teku.

Abin da ya kusa nutsar da shi kuwa ɗan kwale-kwale ne mai inji, da mutum biyu a ciki.

Cole na kan hanyarsa ta zuwa Tekun Fasha, ya ratse Adan shan mai. Da misalin ƙarfe 11 da 'yan mintoci na safe, kwale-kwalen ya matso gefen hagunsa. Masu gadi sun ɗauka ɗaya ne daga cikin ƙananan jiragen tashar da ke hidimar kwashe shara. Ƙa'idar da aka ba su ma ba ta yarda su buɗe wuta ba sai an fara harbinsu. Fashewar ta huda rami mai faɗin kimanin mita 12 a jikin jirgin, daidai saitin ɗakin girki, lokacin da ake layin abincin rana. Mutum 17 suka mutu, biyu daga ciki mata, kusan 40 suka jikkata. Mafi ƙanƙanta a cikin mamatan shekarunsu 19.

Ba a rasa gargaɗi ba, an rasa mai ganinsa ne. Ranar 3 ga Janairun 2000, 'yan Alƙa'ida sun gwada irin wannan hari a kan wani jirgin, USS The Sullivans, a tasha ɗaya. Kwale-kwalensu ne ya nutse saboda kaya sun yi masa nauyi, suka tsamo kayansu suka koma suka yi jiran wata tara. Sannan me ya kai jirgin yaƙi shan mai Adan tun farko? Janar Anthony Zinni, wanda ya jagoranci rundunar Amurka a yankin, ya faɗa wa majalisar dattawa cewa shawararsa ce, kuma cikin dalilan har da son jawo gwamnatin shugaban Yaman na lokacin, Ali Abdullah Saleh, a jika. Wato siyasa ce ta ajiye jirgin a wurin. Binciken rundunar ruwa ya gano cewa ba a cika wasu matakan tsaro ba, amma ba a hukunta kwamandan jirgin, Kirk Lippold, ba. Ƙarin girma kawai aka hana shi, ya yi ritaya a 2007.

A nan dole a yaba wa waɗanda suka cancanta. Ma'aikatan jirgin sun shafe kwanaki suna fama da ruwa, cikin zafin Adan, wutar lantarki na ɗaukewa, gawarwakin abokansu na maƙale cikin ƙarfe, suna kwana a saman jirgi. Su suka hana shi nutsewa, ba Aegis ba. Daga baya wani ƙaton jirgin dako mai suna Blue Marlin ya goya shi kamar jariri har Mississippi, suka isa ranar 13 ga Disamban 2000. Aka sauya ƙarfe fiye da tan 550, aka kashe kimanin dala miliyan 250, a Afrilun 2002 jirgi ya fito garau. A Nuwamban 2003 ya koma aiki a ƙetare.

To, daga nan ina ya nufa? A 2008 an girke shi gab da gaɓar Lebanon lokacin rikicin siyasar ƙasar. A 2014 ya shiga Bahar Aswad bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya. Waɗannan mu wuce su. Abin lura shi ne Yaman. A Fabrairun 2017 aka tura shi mashigin Bab al-Mandab da ke gaɓar Yaman, bayan 'yan tawayen Huthi na ƙasar sun kai wa wani jirgin yaƙin Saudiyya hari da kwale-kwale mai bam. A farkon 2022 aka aika shi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, bayan Huthi sun yi wa Abu Dhabi ruwan makamai. A 2024 ya sake fitowa zuwa yankin lokacin da Bahar Maliya ke ci da wuta, kuma ranar 1 ga Oktoba, shi da USS Bulkeley suka harba makaman tarewa kusan 12 daga gabashin Bahar Rum kan makaman da Iran ta cilla wa Isra'ila. Jirgi ɗaya, yanki ɗaya, sai dai sunan abokin gaba da ke sauyawa. Jiya Alƙa'ida, yau Huthi, waɗanda su kansu ba sa ga maciji da juna.

Wani zai ce ai wannan shi ne aikin jirgin yaƙi, ba a ƙera shi don sasanta ƙabilun Yaman ba. Gaskiya ne. Kuma a fagen da aka ƙera su dominsa, waɗannan jirage sun yi abin a zo a gani. Tun daga 19 ga Oktoban 2023 da USS Carney ya kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa na Huthi, babu wani jirgin yaƙin Amurka da aka yi wa irin ta Cole a Bahar Maliya. An koyi darasin Adan. Amma a duba lissafin. Ana harba makami na wajen dala miliyan 2 don kakkaɓo jirgi maras matuƙi da bai kai kuɗin motar hawa ba. Duk da haka manyan kamfanonin dakon kaya suka ƙaurace wa hanyar, suka koma zagaye ta kudancin Afirka, Masar ta ce ta yi asarar kimanin dala biliyan 7 na kuɗin shigar mashigin Suwes a 2024. Abin da ya kawo tsagaita wuta tsakanin Amurka da Huthi a Mayun 2025 shi ne shiga tsakanin Oman, ƙasar da ba ta da jirgi ko ɗaya irin Cole. Ko shi ma bai hana Huthi nutsar da jiragen kasuwa biyu a Yulin 2025 ba. Ana cin kowace arangama, hanya kuma ba ta buɗe ba. Ana ta kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sai shari'a, wadda ita ce abin kunya mafi girma. Gwamnatin Clinton ba ta mayar da martani ba kafin ta sauka, ta Bush ma ba ta yi ba kafin harin 11 ga Satumban 2001. Cikin waɗanda ake zargi da hannu a harin, Abu Ali al-Harithi, jirgi maras matuƙi na Amurka ya kashe shi a lardin Marib na Yaman a Nuwamban 2002. Jamal al-Badawi, kotun Yaman ta yanke masa hukuncin kisa a 2004, aka sassauta zuwa shekara 15, ya tsere daga kurkuku sau biyu, sai a ranar 1 ga Janairun 2019 Amurka ta kashe shi, shi ma a Marib. Wanda ake zargi da kitsa harin, Abdurrahim al-Nashiri, yana hannun Amurka tun 2002. Maimakon a gurfanar da shi, hukumar CIA ta yi ta yawo da shi a kurkukun ɓoye har shekara huɗu, ana azabtar da shi da ruwa, ana tsorata shi da bindiga da injin huda katako. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kama Poland da Romaniya da laifi kan ba da masauki ga wannan aika-aika. A 2006 aka kai shi Guantanamo. A Agustan 2023 alƙalin soja ya yi watsi da iƙirarin da ya yi, ya ce azaba ta gurɓata shi. Shekara 25 ta cika da harin ba a fara sauraron shari'ar ba. Iyayen wasu mamatan sun mutu suna jira. Ba maƙiyan Amurka ne suka yi musu wannan ba, masu gaggawar cikin gida ne suka lalata hujja da hannunsu.

Amma an sami wanda ya biya, kuma nan ne abin ya fi tsaya mini a rai. Iyalan mamatan sun kai ƙarar Sudan, bisa hujjar cewa gwamnatin Umar al-Bashir ta ba Usama bin Laden mafaka daga 1991 zuwa 1996 kuma ta taimaka wa ƙungiyarsa. A 2007 wani alƙali a Norfolk ya ba su gaskiya. Waɗanda suka jikkata ma sun sami hukuncin fiye da dala miliyan 300, sai dai Kotun Ƙoli ta rushe shi a 2019 saboda an aika sammaci ofishin jakadancin Sudan a Washington maimakon ma'aikatar harkokin waje a Khartum. Adireshi kawai. Bayan talakawa sun kori Bashir a Afrilun 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ce ta gaji bashin. A Fabrairun 2020 ta amince ta biya iyalan mutanen Cole, tana nanata cewa ba amsa laifi ta yi ba. Kafin shekarar ta ƙare ta ajiye dala miliyan 335 domin waɗanda hare-haren ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam suka shafa, da na Cole, da wani jami'in Amurka da aka kashe a Khartum a 2008. Ranar 14 ga Disamban 2020 aka cire ta daga jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci, inda take tun 1993.

A lokacin hauhawar farashi a Sudan ta wuce kashi 200 cikin ɗari, mutane na kwana a layin burodi da na mai. Waɗanda suka fito zanga-zanga don su kawar da Bashir har aka harbe su, su ne suka biya diyyar abin da Bashir ya shuka, har da 'yan uwanmu Hausawan Mai Wurno da Gadarif da Kasala, tunda baitulmali ɗaya ne. Kura ta ci, an kama kare. Ban ce iyalan mamata ba su da haƙƙi ba, jini ba ruwa ba ne. Ban kuma ce Sudan ba ta sami komai ba, domin cire sunanta ya buɗe mata ƙofar yafe bashi a 2021, kafin juyin mulkin Oktoban wannan shekarar da yaƙin 2023 su share komai. Tambayata ita ce, mudun da aka auna wa Sudan, da shi ake auna wa kowa?

Ranar 20 ga Agustan 1998, jiragen ruwan yaƙin Amurka da ke Bahar Maliya suka harba makaman Tomahawk, irin waɗanda Cole ke ɗauka, suka rugurguza masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartum Bahri. An ce ana haɗa sinadarin makami mai guba a wurin, hujjar kuma ƙasa ce da aka ɗebo daga harabar. Masana'antar na cikin manyan masu samar wa Sudan magani, har da na zazzaɓin cizon sauro. Ba a cika shekara ba Amurka ta saki kuɗin mai ita, Salah Idris, da ta riƙe, ba tare da ta kare zarginta a kotu ba. Da ya nemi diyya, kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta ce a 2010 wannan magana ce ta siyasa, ba hurumin alƙali ba. Ko sisi ba a biya ba. Idan kwale-kwale ya huda jirgi, akwai kotu, akwai adireshi, akwai wanda za a matsa wa ya biya ko bayan shekara 20. Idan jirgi ya rushe masana'anta, sai a ce alƙali ba shi da ta cewa.

A ƙarshen Oktoban 2024, Cole na can bai ma dawo gida ba, rundunar ruwan Amurka ta sanar da tsawaita wa'adin aikin tsofaffin jirage 12 na ajinsa, saboda sababbi ba sa fitowa da saurin da ake buƙata. Cole na cikinsu. An ƙara masa shekara biyar, zuwa 2036, lokacin da zai cika shekara 40 a bakin aiki, kuma ban ga abin da zai hana a sake tura shi Bab al-Mandab kafin nan ba.