Sun Yanka Gonaki, Sun Manta da Ruwa da Burtali

Ni dai a nuna mini wanda ya zana taswirar sabuwar unguwar garinmu, in tambaye shi ko ya taɓa taka ƙafarsa wurin a watan Agusta. Da ya taɓa, wallahi ba zai ja layin gidaje a tsakiyar hanyar ruwa ba. Garinmu ƙarami ne, na manoma, ɗan kabu-kabu yana kai mutum Maradi ya dawo kafin azahar. Gero, wake, gyaɗa da aya su ne abincinmu, su ne kuɗinmu. Yau ka fita ta kowace kusurwa, abin da zai fara tarbarka turakun siminti ne a jere cikin gonaki, kowane da lambarsa da jan fenti. Wai lotisma, wato yanka gonaki a maida su filayen gidaje. Wai gari ya ci gaba.

Kada wani ya ce ƙin ci gaba nake yi. Mutane sun yi yawa, kowa ya sani. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi mutum sama da miliyan 3, ta fi kowace jiha cunkoso in ka ɗebe Yamai, kuma tun daga lokacin haihuwa ba ta tsaya ba. Saurayin da ya yi aure yana son inda zai kafa ɗakinsa, ba zai dawwama a zauren ubansa ba. Dole gari ya faɗaɗa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake faɗaɗawar, babu wanda ya zauna ya ce ga inda ruwa ke bi, ga inda shanu ke bi, ga ƙasar da ke ba da hatsi a bar ta, ga fako da tudun da ba ya fid da komi a kai gidaje can. Inda ya fi kusa da kwalta, inda zai fi saurin sayuwa, nan ake kai igiyar awo. Kuma a wurinmu nan ne ƙasa mafi albarka.

Lissafin ba shi da wuya, shi ya sa suke ɗoki. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. Fili mai mita 20 a kan 20 yana cin 400. In an fitar da hanyoyi, za a samu fili goma sha biyar ko sama da haka a hektar da iyali guda ke nomawa. Kowane fili akwai kuɗin takarda, akwai kuɗin awo, akwai na sa hannu, akwai kuma wanda ba a rubutawa. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004 aka ɗora wa garuruwa nauyin neman kuɗin kansu, wasu suka gano cewa yanka gona ya fi bin harajin kasuwa sauƙi. An canza mutane a kan kujeru, zaɓaɓɓu sun zo sun tafi, a 2024 aka rushe majalisun aka naɗa wasu, amma turakun nan ba su daina tsirowa ba.

Gonar kawuna tana cikin waɗanda aka yanka. Gadon kakanni ce, iyakarta gamba ce da aka dasa tun kafin a haife ni, da wani tsohon gawo a kusurwar gabas. Ranar da masu awo suka zo ko dawa ba a gama yankewa ba. Ya same su da ƙarfe da igiya a tsakiyar karan, ya yi sallama, ya ce: "Samari, lafiya? Wa ya aiko ku cikin gonata?" Babbansu ko hularsa bai gyara ba ya ce: "Baba, aikin hukuma ne, ka je ofis a yi maka bayani." Ya je. Aka ce masa ai ba ƙwace ba ne, za a ba shi kasonsa cikin filayen, ya sayar ya yi arziki. Ya dube su ya ce: "Ranka ya daɗe, in na saida hili na ci bana, baɗi mi ɗiyana za su ci?" Babu wanda ya amsa masa. Kason ya zo, ƴan filaye ƙalilan can ƙurya inda babu mai so, masu kallon kwalta kuwa tun kafin a kafe sunaye an san masu su. Mutumin da rumbunsa ke kai shi wata damina, yau tiya-tiya yake awo a kasuwa.

To da ma an gina gidajen, da sai mu ce mutane sun samu matsuguni. Je ka gani. Kashi mafi yawa kango ne. Wani ya zuba bulo ɗari ya kewaye kusurwa guda ya tafi, wani ko hakan bai yi ba. Masu su suna Maradi, suna Yamai, wasu suna ƙetaren iyaka, sun saya sun ajiye suna jiran tsada. Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maradi a 2021 abin ya ƙara haukacewa, kowane dillali yana rantsuwa jirgi ta bayan filinsa zai wuce. Ƙasar da ke fid da damin gero ta koma wurin zubar da shara da leda, maɓoyar ɓarayin awaki. In mai gonar na da ya yi ƙarfin hali ya watsa wake a ciki, sai a aiko masa da sammaci, wai ya shiga hakkin wani.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutu. Duk ɗan Maradi ya ji labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maradi ya cinye tsohon gari a cikin fadama, har aka tayar da mutane aka maido su kan tudu. Kakanninmu sun ɗauki darasi, ba su ƙara gina ɗaki a bakin ruwa ba. A garinmu akwai wani kwari da ke kwashe ruwan tudun arewa ya kai shi fadama. Da rani ba ka ganin komi sai yashi da tumfafiya, amma yaron da ke kiwon awaki ma ya san aikinsa. An yanka shi. An sayar. Waɗanda suka saya, galibi talakawa ne da ba su iya kuɗin bakin kwalta ba, suka yi gini. Ruwa ya zo ya tarar da katanga, ya juya ya shigo tsohuwar unguwa, inda tun da aka kafa garin ba a taɓa kwashe ruwa da ƙwarya ba.

Na shiga gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu da asubar ranar. Ruwa har gwiwa a tsakar gida, tabarmi na yawo, masai ya cika ya haɗe da komi, gindin rumbu ya jiƙe ya fara zama. Tana tsaye a kan turmi da buhun takardun jikokinta a ka. Na ce: "Inna, ki sauko mu fita, bangon nan ba shi da tabbas." Ta ce: "Ɗana, in na fita wa zai ɗauke mini hatsin?" Da hantsi bangon ya faɗi. Bayan kwana biyu aka zo da mota da masu ɗaukar hoto, aka ba ta tabarma da bokiti da ƴan tiyoyin shinkafa, aka ce ƙaddara ce, canjin yanayi ne. E, ruwan sama na Allah ne, kuma daminar yanzu ta rikice, ba mu musa ba. Amma wanda ya sayar da hanyar ruwa yana da suna, yana da sa hannu a takarda, kuma gidansa bai jiƙe ba.

Burtali ma haka. A da shingen aguwa ne hagu da dama, garke ya bi ta tsakiya ya sauka mashaya ya wuce, ba ya taɓa zangarniyar kowa. Yanzu bakin burtalin ya faɗa cikin lotisma, an toshe shi da ginin bulo. Bafulatani ya taho da shanunsa ya tarar da katanga, ina zai bi in ba gonar mutane ba? Daga nan sai sanda, sai adda, sai zaman sulhu gaban mai gari. A jihar nan ba mu da bukatar a koya mana inda wannan ke kaiwa. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka hallaka mutane sama da ɗari, yawancinsu mata da yara, yana nan a zukatan manyanmu. Bayansa ne aka kafa dokar karkara ta 1993, aka samar da kwamitocin filaye tun daga ƙauye har gunduma, aka ƙara da dokar kiwo ta 2010 wadda ta hana kowa mallake hanyoyin dabbobi da makiyaya. Dokar tana nan, kyakkyawa a takarda. Kwamitin garinmu kuwa sai bayan an gama kafa turaku yake jin labari, kamar kowa.

Kuma kada a ce manoma ba su san tsari ba. Mutanen jihar nan ne suka maido da itatuwa cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, da sassaben zamani, suna barin tohon kututture suna gyara shi har ya zama itace, ba tare da an dasa ko an yi ban ruwa ba. Daga ƙasashe ake zuwa yankin Agye kallon wannan aiki. Mutumin da ya yi haƙurin shekara ashirin yana rainon gawo da kalgo, shi ne ba za a iya tambaya ba kafin a ja layi a gonarsa? Gawon kawuna rana ɗaya aka sare shi, wai ya faɗo a tsakiyar titi. Titin har yau babu shi, sai kututturen.

Wadda ta fi kowa asara ba a ma ambatonta. Da gandu ya ƙanƙance, abin da ake fara karɓewa gamanar mata ce, ɗan yankin da mace ke shuka gyaɗa da kuɓewa da yakuwa ta yi cefane, ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Ranar rabon filayen diyya kuwa sunan maigida kaɗai ake rubutawa. Ta rasa gona, ba ta samu fili ba.

Mu ma a cikinmu akwai masu laifi, ba zan ɓoye ba. Akwai magadan da ke zagayawa da dare su sayar da gonar gado ba da sanin ƴan'uwa ba, a sayi babur a ƙara aure, kafin shekara ta zagayo babu kuɗin babu gonar. Akwai masu unguwannin da ke sa hannu a takardar shaida sau biyu a kan fili guda. Na san mutum biyu da ke riƙe da takardar fili ɗaya, kowace da hatiminta, suna ta safa da marwa tsakanin ofis da kotu, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce rajistar ba ta nan. Amma ai don irin wannan aka kafa hukuma, ta tsawata, ba ta shiga layin masu ci ba.

A taswirar da aka nuna mana da farko akwai wurin makaranta, akwai na asibiti, akwai filin da aka ce na kasuwar dabbobi ne, har da ƙarin maƙabarta. Ina suke? Na makarantar an raba shi gida shida. Yaran sabuwar unguwa suna karatu a rumfar zana, wadda sai an girbe kara ake kafawa, ruwan farko kuma ya tashe ta. Babu famfo, babu magudana, babu wuta, amma kuɗin fili an karɓa cif.

Yanzu ga shi ana raɗe-raɗin za a sake yanka wani ɓangaren, wannan karon ta gefen fadama, inda ake noman rani, inda tumatir da albasa da zogalen garin ke fitowa. To mu dai mun faɗa, kuma za mu maimaita a gaban duk wanda ya kira taro. A kafe taswirar a ƙofar mai gari da bakin masallacin Juma'a kowa ya gani kafin a kafa turke ko ɗaya. A zagaya wurin da ƙafa, da damina, tare da tsofaffin manoma da ardo da wakilan mata. A buɗe bakin burtali da kwarin da aka toshe, a sauya wa waɗanda aka sayar wa wuri. Wanda ya riƙe kango shekara da shekaru bai gina ba, a bar mai gonar ya ci gaba da nomansa har ranar da aka kawo bulo. Fadama kuwa a cire hannu daga kanta ɗungum. Kuma a fito da rajistar filayen da aka riga aka yanka, a karanta mana sunayen waɗanda suka samu na bakin kwalta, da nawa kowa ya biya.