Oga, ba albashi kaɗai ke korar ma'aikatanka ba

Duk ranar da wani ya ajiye aiki a ofisoshin Abuja maganar oga ɗaya ce, wai yaran yanzu ba su da haƙuri. Ni dai ban yarda ba. Eh, tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, naira 70,000 ɗin mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a 2024 ma kuɗin mota na cin babban kaso a ciki, amma da yawan masu tafiyar nan wulaƙanci ne ke korarsu.

Wanda ke zaune a Mararaba ko Masaka ana idar da asuba yake fitowa, a cusa su huɗu a baya biyu a gaba, ya sha cunkoson Nyanya, ya iso a makare da 'yan mintoci sai ya tarar an ja layi a littafin sa hannu, wai za a yanke masa. Shi kuwa oga sai sha ɗaya yake shigowa, ya kira mitin daidai lokacin tashi, ya balbale magidanci da faɗa a gaban na ƙasa da shi, cikin dare kuma ga saƙo a guruf ɗin WhatsApp yana son rahoto kan teburinsa da safe. Haba!

A ganina tushen abin a wajenmu alfarma ce. Aikin da aka samu ta hannun kawu ko aminin baba, oga kallon sadaka yake yi wa albashin, kana ɗaga murya za a kai ƙararka gida a ce ka yi butulci. Shi ya sa ma'aikaci sai dai "to, ranka ya daɗe", a ɓoye kuma yana ta tura takardunsa wasu wuraren.

Kuma fa haƙƙi ne a rubuce. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3, ga hutun haihuwa na mako 12. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, a tura asusun cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, amma akwai masu yanke takwas ɗin su riƙe a hannunsu. Kotun ma'aikata tana nan cikin Abuja, to amma wa zai maka aminin babansa a kotu?

Wanda ya fi iya aikin shi ke fara samun wani wurin, sai a bar oga da 'yan amshin shata, a ɗauko sabo ya share watanni yana koyon inda fayil yake, kwastomomi kuma suna ta kiran lambar wanda ya tafi.