Gidan Mars zai fi kama da na Birni

Yawancin zanen gidan 'yan sama jannati a duniyar Mars da ake nuna mana gilashi ne mai sheƙi, kamar an kife ƙwarya. Ni dai ban yarda da shi ba, kuma wanda ya taɓa kwana a soron laka a unguwar Birni, nan Damagaram, zai gane dalilina.

Mars ba ta da garkuwar maganaɗisu irin ta duniyarmu, nauyin iskarta kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Saboda haka haske mai jawo ciwon daji sauka yake yi ba wani shamakin kirki. Matsakaicin sanyinta ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Ƙurarta kuwa, hazon hunturunmu wasa ne: ita ta lulluɓe motar bincike ta Opportunity a 2018 har ta yi shiru. Tafiyar wata 6 zuwa 9 ce, wa zai yi dakon siminti? Dole a koma ga ƙasar wurin, a lafta ta da kauri a bisa ɗakin da aka toshe don kada iska ta fita. Maginanmu ba su san Mars ba, amma sun daɗe da sanin cewa kaurin bango shi ke tsare na ciki daga abin da ke waje.

Sai zaman tare, wanda a ganina ya fi ginin wuya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kulle mutum huɗu kwana 378, daga Yunin 2023 zuwa Yulin 2024, a wani gidan gwajin zaman Mars da na'ura ta gina a Houston, kowa da ɗakinsa. Wannan daidai ne, amma ɗaki kaɗai bai isa ba. Saƙo daga Mars na iya kai minti 22 kafin ya iso, ba uwa ba aboki da za a kira a huce haushi. Gidan Bahaushe yana da zaure, da tsakar gida, da ƙuryar ɗaki, yadda mutum zai janye jikinsa ba tare da an ce ya yi fushi ba. Irin wannan tsari ya kamata masu zane su duba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu nan muna rushe soraye muna ɗora bulo da kwano, a watan Afrilu ɗaki ya koma tanda. Ina so in ga ɗaliban jami'ar Zinder sun zauna gaban tsofaffin magina da littafi a hannu, suna tambayar yadda ake kwaɓa makuba da jera azara, tun masu sanin suna raye.